Yadda na koma kan keken ɗinki bayan korona, da lissafin abin da sashen gashin ƙashi na asibiti ya ci

Ni tela ne a birnin Kano, na shafe shekara 22 a kan keke, kuma ina da shago mai kekuna huɗu da yara uku da suke koyon sana'a a hannuna. Cutar korona ta kama ni kimanin mako guda bayan Babbar Sallah ta shekarar 2021, wato a ƙarshen watan Yuli, lokacin da nau'in da ake kira Delta yake yaɗuwa a Nijeriya. Da fari na ɗauka gajiyar aikin sallah ce ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro, sai wata rana maiɗakina ta sa turaren wuta a ɗaki, ina kallon hayaƙin yana tashi amma ban ji ƙamshinsa ba. Wannan ne ya sa ƙanena ya matsa mini sai na je an gwada ni. An ɗauki samfuri ta hanci a cibiyar gwamnati ba tare da na biya ko kwabo ba, bayan kwana uku sakamako ya fito cewa ina ɗauke da cutar. Maiɗakina ta ninke takardar ta sa a jakar da take ajiye takardun makarantar yara, kuma wannan ajiya tata ta yi mini amfani bayan wata biyar. Ina rubuta wannan ne saboda wata biyar ɗin nan, domin na ɓatar da su ne wajen neman ƙofar da ya kamata na shiga tun farko, kuma na san akwai masu sana'a irina da suke cikin wannan ruɗani bayan zazzaɓi ya sake su amma ƙarfinsu ya ƙi dawowa.

Mako biyu na yi a gida, zazzaɓi da tari suka lafa, jin ƙamshi ya soma dawowa, sai na yanke shawarar komawa shago. Ranar da na koma na ɗauki wani kaftani na shadda da aka riga aka yanka, na zauna a kan kekena mai takawa da ƙafa, wanda nake iya wuni a kansa. Ban gama haɗa kafaɗa da hannu ɗaya ba sai na ji zuciyata tana bugawa da ƙarfi, numfashina yana sarƙewa, cinyoyina sun yi nauyi kamar na hau Dutsen Dala da gudu. Na daure na gama rigar. Washegari ban iya tashi sallar asuba a masallaci ba, haka na yi kwana biyu a kwance. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Mutum zai zo na auna shi, kafin na ɗauki biro na rubuta faɗin ƙirji lambar ta ɓace mini. A cikin watan Satumba na yanka shaddar wani kwastoma da ma'aunin wani, sai da na biya kuɗin yadi biyar daga aljihuna, kuma ban sake ganin mutumin a shagona ba.

A daidai wannan lokaci ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa tana cikin yajin aikin da ta fara ranar 2 ga Agusta, wanda bai ƙare ba sai farkon Oktoba, saboda haka ban ma yi tunanin asibitin gwamnati ba. Na bi hanyar da kowa yake bi a unguwarmu. Sau uku mai kemis ya ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, sau biyu aka yi mini ƙarin ruwa a gida, na sha magungunan ƙarin jini, wanzami ya yi mini ƙaho a baya, 'yan uwa suka yi ta aiko da saiwoyi da jiƙo. Duk wanda ya kawo nasa da kyakkyawar niyya ya kawo, amma da na tara abin da na kashe a kansu ya kai naira 40,000. A ƙarshen Satumba numfashi ya matsa mini da dare, aka kai ni wani asibiti mai zaman kansa, suka kwantar da ni kwana biyar. An yi mini ƙarin ruwa da allurai, an auna iskar jinina an ga ba na bukatar oksijin, aka sallame ni da takardar biyan kuɗi ta naira 146,000. A kwanakin nan biyar maiɗakina ta bar sana'arta ta sayar da kayan miya ta tare a gefen gadona, surukata ta zo riƙon yara, ƙanena yana jigilar abinci sau biyu a rana, shago kuwa na hannun yara. Na fito da gajiyar da na shiga da ita, kuma ba wanda ya ambata mini cewa korona tana iya barin saura a jiki.

A farkon Nuwamba wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, ya zo duba ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka daina sayen magani a kan zato. Ka je babban asibiti ka buɗe fayil, a duba huhunka da zuciyarka, sannan ka ce musu korona ka yi." Ranar Litinin na isa asibitin da ƙarfe tara na safe, na tarar an riga an gama raba lambobin ganin likita na ranar, na juya gida bayan na biya kuɗin adaidaita sahu a banza. Washegari na tafi bayan sallar asuba tare da ƙanena, muka samu lamba ta 34. Tsarin da na tarar shi ne, sai ka fara zuwa tagar masu ajiye fayil su rubuta maka takardar biyan kuɗi, ka tafi wurin biya ka bi wani layin, ka dawo da rasit, sannan a rubuta sunanka da adireshinka da lambar wayar wani makusancinka a ba ka ƙaramin kati mai lambar fayil. Wannan ya ci naira 1,500, ganin likita kuma 1,000. Tazarar da ke tsakanin tagogin ba ta da yawa ga mai lafiya, amma ni sau biyu na zauna a kan dakali ina haki, kuma da ba don ƙanena ne ya tsaya mini a layin biya ba, ban tsammanin da na gama a ranar. Ma'aikaciyar jinya ta auna hawan jini da zafin jiki da nauyi, sai kusan ƙarfe ɗaya na rana na shiga wurin likita.

Likitar ta yi mini tambayoyi masu yawa, kuma ta bayyana mini cewa ba za ta ɗora komai a kan korona ba sai ta kawar da sauran cututtukan da suke kawo irin wannan haki da rama. Ta rubuta mini gwajin kaki don neman tarin fuka, da hoton ƙirji, da gwajin jini na ƙarancin jini da suga da ƙoda, da awon bugun zuciya wanda ake liƙa wayoyi a ƙirji. Gwajin tarin fuka, wanda ake yi da na'urar GeneXpert, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ban biya komai ba. Hoton ƙirji naira 3,500, gwaje-gwajen jini 6,500, awon bugun zuciya 3,000. Kowanne yana da tagarsa ta biya da ranar karɓar sakamakonsa, sai da na yi zuwa huɗu cikin mako biyu kafin su haɗu a hannuna. A nan na yi kuskure guda: na je gwajin suga bayan na karya kumallo, aka ce sai na dawo washegari ban ci komai ba. Da na mayar da sakamakon, babu tarin fuka, suga da ƙoda lafiya, jini ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Likitar ta rubuta takardar tura ni asibitin masu ciwon ƙirji, wanda suke zama rana ɗaya a mako, aka ba ni rana bayan mako uku. Waɗannan makonni sun yi mini tsawo ƙwarai, domin hunturu ya riga ya shigo, ƙura ta ƙara mini tari, kuma kuɗin hayar shago na gabatowa.

A tsakiyar Disamba na ga likitan ƙirji. Kafin ranar an sa na yi hoton zuciya a kan naira 12,000, da gwajin ƙarfin huhu a kan 5,000, inda ake toshe maka hanci ka cika ƙirji da iska ka busa cikin wani bututu da iya ƙarfinka har sau uku. Da na shiga, sai na miƙa masa takardar sakamakon korona da maiɗakina ta ajiye, ya duba kwanan watan, ya ƙirga watanni da yatsunsa. Ya ce zuciyata lafiya take, huhuna ma ba shi da wani tabo mai tayar da hankali, amma abin da nake fama da shi yana da suna. A watan Oktoba na wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin yanayin da ke biyo bayan korona: alamun da suke nan wata uku bayan kamuwa da cutar, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a samu wata cutar da za ta bayyana su ba, mafi yawansu gajiya da sarƙewar numfashi da rikicewar tunani. Na ji kamar an sauke mini kaya, domin a lokacin wasu sun fara raɗe-raɗin cewa sammu ne, wasu kuma suna ganin lalaci ne ya kama ni. Ya ce babu wata ƙwaya da zai rubuta mini wadda za ta kawar da abin, sai dai ya tura ni sashen gashin ƙashi, na riƙa zuwa daga gida. Na tambaye shi ko ba zai fi ba a kwantar da ni. Ya amsa da cewa, "Malam, gado na wanda yake bukatar oksijin ne ko kulawar dare da rana. Kai kwanciya ma ƙara kashe maka jiki za ta yi."

Ni dai a sanina sashen gashi na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki, inda ake gasa ƙashi da fitila a murza gaɓoɓi, shi ya sa na tafi da shakka. Ashe masu wannan aiki karatun jami'a suke yi, akwai hukumar ƙasa da take yi musu rajista, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ƙware a kan numfashi da zuciya. A makon ƙarshe na Disamba na kai takardar turawa, aka buɗe mini wani ƙaramin fayil na sashen, na biya naira 3,000 na awon farko. Wanda aka haɗa ni da shi saurayi ne mai natsuwa, ya yi kusan awa guda tare da ni. Ya maƙala mini na'urar awon iskar jini a yatsa, ta nuna 97 cikin ɗari ina zaune. Ya fitar da ni baranda inda aka shata mita 30 da jan fenti a ƙasa, ya ce na yi ta kai da komo na tsawon minti shida a saurin da zan iya, in na gaji na tsaya. Na yi mita 290, na tsaya sau biyu na dafa bango, iskar ta sauka zuwa 94, bugun zuciya kuwa ya haura 130 a minti ɗaya. Ya nuna mini wani allo mai lambobi daga 0 zuwa 10 ya ce na zaɓi lambar da ta yi daidai da wahalar da na ji, na zaɓi 7. Sai ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: idan na yi aiki mai ɗan nauyi, yaushe jikina yake rushewa, nan take ko bayan kwana ɗaya? Na ba shi labarin kaftanin nan. Ya ce wannan alama ce da ake lura da ita sosai, domin ga wasu masu wannan larura, alamun sukan tsananta bayan awa 12 zuwa 48 da yin abin da ya fi ƙarfinsu, kuma irinsu ba a tura su motsa jiki da ƙarfi, sai dai a koya musu auna ƙarfin da suke da shi.

Muka fara a makon farko na Janairu 2022, sau biyu a mako, kowane zama naira 1,500, kuma yakan ɗauki minti 45. Makonni biyu na farko kusan duk a kan numfashi suka ƙare. Ya kwantar da ni ya ɗora hannuna ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ya nuna mini cewa da saman ƙirji nake numfashi, gajere-gajere, kafaɗuna suna ɗagawa. Ya koya mini shaƙa ta hanci a hankali har ciki ya taso, sannan na fitar ta baki da leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ya koya mini yadda zan zauna na sunkuya gaba na ɗora gwiwar hannu a kan cinya idan haki ya taso. Daga baya aka ƙara tashi da zama daga kujera, da ɗaga dunduniya, da jan wata roba mai talewa, da tafiya a baranda, kuma ƙa'idar ita ce kada wahalar ta wuce 3 ko 4 a allon nan. Ba a matsawa mataki na gaba sai na yi aƙalla kwana bakwai a kan wanda nake ba tare da jiki ya rushe ba. Ya sa na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ina rubuta abin da na yi kowace rana da yadda na tashi washegari, kuma na sayi na'urar yatsa tawa a kan naira 8,000. Ya gargaɗe ni cewa sanyin yatsa yana rikita ta, kuma takan nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata, saboda haka kada na dogara da ita fiye da abin da jikina yake gaya mini. A mako na biyu yajin aikin 'yan adaidaita sahu ya hana ni zuwa rana ɗaya, amma tun da darussan ba sa bukatar komai sai kujera da tabarma, na yi su a tsakar gida.

A mako na uku na ji sauƙin da ban ji ba tun Yuli, kuma a daidai lokacin wani tsohon kwastoma ya kawo ɗinkin biki, kaftani takwas na abokan ango, ana so cikin kwana huɗu. Bashi ya yi mini yawa, na karɓa ban gaya wa kowa ba, na yi kwana biyu ina taka keke har bayan isha'i. A rana ta uku na kasa ɗaga kaina daga matashi, na yi kwana biyar a kwance, aikin kuma sai da na kai wa wani abokin sana'a ya ƙarasa, ribar ta tafi wurinsa. Da na koma sashen gashi na buɗe littafin a gaban saurayin da yake kula da ni cike da kunya. Bai yi mini faɗa ba. Ya mayar da ni matakin baya, sannan ya ce, "Malam, ka ɗauki ƙarfinka kamar jarin shago. Idan ka ci uwar kuɗi yau, gobe ba ka da abin juyawa." Wannan ganganci ya mayar da ni baya da kusan mako biyu.

Daga nan ne muka zauna muka tsara komawa aiki, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi kowanne daraja. Ya tambaye ni dalla-dalla yadda ranar tela take, wane aiki ne yake cin ƙarfi, wane ne yake cin tunani. Muka raba su. Taka keke da guga da yanka a tsaye suna cin ƙarfi, awo da lissafin yadi da ciniki suna cin tunani. Na fara da awa biyu a shago da hantsi, kwana uku a mako, ina yanka kawai a zaune a kan dogon kujera da kafinta ya yi mini daidai tsayin tebur, yara suna ɗinkawa. Na sa wa kekena injin lantarki don na daina takawa da ƙafa, guga kuma na bar wa yara gaba ɗaya. Saboda mantuwa na ɗauki ɗabi'ar faɗar ma'auni da ƙarfi yaro yana rubutawa, sannan a liƙa takardar a jikin yadin da allura. Duk minti 30 nakan ajiye almakashi na huta minti goma tun kafin na gaji. Saboda ƙurar hunturu da ɓurɓushin yadi na riƙa sa takunkumi, na kuma sa aka mayar da janareta bayan shago. Daga Fabrairu zaman gashi ya koma sau ɗaya a mako, awannin shago kuma suka riƙa ƙaruwa da rabin awa ko awa guda, gwargwadon abin da littafin ya nuna. Da a gadon asibiti nake, da babu yadda za a gwada wannan tsari a kan ainihin aikina a gyara shi mako bayan mako.

A ƙarshen Maris, bayan zama 16, aka sake gwajin barandar nan. Na yi mita 455 ba tare da tsayawa ba, iskar ba ta sauka ƙasa da 96 ba. Aka sallame ni da takardar darussan gida da ranar dawowa bayan wata uku, na koma wurin likitan ƙirji ya duba ya rufe nasa ɓangaren. Azumi ya kama a farkon Afrilu, na tambayi likita kafin na ɗauka, ya ce zan iya gwadawa matuƙar zan sha ruwa sosai da dare na kuma mayar da aikina safiya. Na karɓi kusan rabin ɗinkin sallar da na saba karɓa, na mayar da sauran da haƙuri tun da wuri, kuma duk wanda na karɓa ya samu kayansa kafin Ƙaramar Sallah a farkon Mayu.

Bayan sallah na zauna da maiɗakina muka buɗe rasitai. Buɗe fayil da ganin likita sau uku da dukkan gwaje-gwaje sun tashi naira 34,500. Sashen gashi gaba ɗaya, awon farko da zama 16, naira 27,000. Kuɗin mota na kimanin zuwa 25 ya kai 12,500, sai na'urar yatsa 8,000. Jimilla naira 82,000 cikin wata biyar, kuma ba a dunƙule na biya su ba, kaɗan-kaɗan ne, abin da ake iya fitarwa daga cinikin mako. Kwanciyar kwana biyar kaɗai ta ci 146,000 a lokaci guda, sai da maiɗakina ta ɗauki kwasar adashinta muka haɗa da rance. Amma duk waɗannan ba su ne babbar asarar ba. Kafin ciwon shagona yakan bar mini kimanin naira 120,000 a wata, daga Agusta zuwa Disamba kuwa abin da yake shigowa bai wuce 35,000 ba, wato na rasa fiye da 400,000 a watannin da na yi ina yawo tsakanin kemis da gida da asibiti. Ɗaya daga cikin yarana ya koma wani shagon saboda babu mai koya masa, kuma 'yata ta yi zango guda ba a biya mata kuɗin makaranta a kan lokaci ba. Duk lokacin da wani ya ce mini kuɗin gashi ya yi masa yawa, wannan lissafin nake nuna masa. Waɗannan farashi na wancan lokaci ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na asibiti duk sun tashi, saboda haka mutum ya tambayi farashin yau a taga kafin ya yi shiri.

Akwai kuma ribar da ba ta fito a rasit ba. A al'adarmu idan aka kwantar da mutum ɗaya, aƙalla mutum biyu ne suke barin neman abincinsu, mai jinya da mai kai abinci, ban da kuɗin 'yan dubiya da ake tarba. Zuwa daga gida bai tsayar da sana'ar maiɗakina ba ko kwana ɗaya, bayan makonnin farko ma ni kaɗai nake tafiya, na dawo kafin azahar. Gadon da ban hau ba ya samu wanda ya fi ni bukatarsa. Na kuma lura cewa a zaman da nake yi a benci ina jiran layi, waɗanda suke da inshorar lafiya sai sun fara karɓo lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorarsu kafin a fara musu, kuma na ga wani ma'aikaci da aka mayar da shi saboda bai zo da ita ba. Duk mai inshora ya fara daga asibitin da ya yi rajista, ya tabbatar da lambar da adadin zaman da aka amince masa tun kafin ranar. A watan Mayu 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa wadda ta wajabta ta ga kowa, kuma ina ganin ya kamata ƙungiyoyin masu sana'a irin tamu su matsa a tabbatar gashi yana cikin abin da ake biya, tun da shi ne yake mayar da mai sana'a bakin aikinsa.

Ga wanda yake cikin halin da na shiga, shawarata ita ce idan wata biyu zuwa uku suka wuce bayan zazzaɓi irin wannan kuma gajiya da haki ba su tafi ba, ya daina maimaita maganin taifot ya je a bincika. Ya tafi bayan asuba, ya tafi da wanda zai tsaya masa a layi, ya tara takardunsa a jaka ɗaya, har da tsofaffin sakamako da kwalayen magungunan da ya sha. Kada ya tsallake gwaje-gwajen farko don tsimi, domin tarin fuka da ciwon zuciya da ƙarancin jini suna iya zuwa da kama ɗaya, kuma kowannensu maganinsa daban. Idan likita bai ambaci gashi ba, ya tambaya da bakinsa. Idan ya je, ya faɗi gaskiya game da rushewar jiki da ke zuwa washegari, domin wannan ne yake tantance irin tsarin da za a ɗora shi a kai, kuma ya guji duk wanda zai ce masa ya daure ya yi ta gudu har ƙarfi ya dawo. Zuwa daga gida kuma ba na kowa ba ne: ciwon ƙirji mai tsanani, ko suma, ko numfashin da yake ƙara tsananta ana zaune, ko iskar jini da take sauka ƙasa sosai, waɗannan na sashen gaggawa ne a ranar, ba a jiran ranar gashi da su. Haka nan ba kowa ne yake samun sauƙi da saurin da na samu ba, na san wata baiwar Allah da muka fara tare wadda aka sallame ni tana nan a mataki na biyu.

Ni ma ban koma yadda nake a da ɗari bisa ɗari ba. Awa shida zuwa bakwai nake yi a shago, ba na kwana a kan keke a daren sallah kamar yadda na saba, kuma duk shekara idan hunturu ya shigo nakan koma darussan numfashi na makonnin farko. Littafin nan yana cikin aljihun teburin yanka tare da katin asibiti, nakan buɗe shi a farkon watan Sha'aban na duba awannin da jikina ya ɗauka a bara kafin na yanke adadin ɗinkin da zan karɓa.